Yadda ake bin sawun matsala a jirgin sama, da yadda ake rubuta ta a littafin jirgi

Jirgin fasinja da ya sauka a Kano ko Abuja da rana ba ya daɗewa a ƙasa. Ana sauke kaya, ana shan mai, ana shara, masu tafiya ta gaba sun riga sun yi layi. A wannan ɗan tsakanin ne matuƙi zai ce maka wata fitila ta kama suna sama, daga baya ta mutu da kanta. Wannan bayani na matashin da ya fito daga kwalejin jiragen sama ta Zariya ko makamanciyarta ne, wanda ya fara aiki ƙarƙashin injiniya mai lasisi, da kuma matuƙin da bai daɗe da fara riƙe biro a kan littafin jirgi ba. Littafin kamfanin da ya ƙera jirgin da dokokin NCAA, hukumar kula da harkar jiragen sama ta Najeriya, su ne gaba da duk abin da zan faɗa.

Jirgi ba ya kwana a hannun mutum ɗaya. Yau yana Legas, gobe Jidda, matuƙa suna canzawa, injiniyoyi suna canzawa. Abin da ke bin sa ko'ina shi ne littafin da ma'aikata ke kira tek-log. Duk abin da bai shiga cikinsa ba, wanda zai karɓi jirgin gobe bai san ya faru ba.

Mataki na 1: Tare matuƙi kafin ya bar jirgin

Hau ka same shi a kujerarsa. Da zarar ya ɗauki jakarsa ya shiga mota, rabin bayanin ya tafi da shi. Ka gaishe shi, sannan ka tambaya dalla-dalla. Kyaftin, yaushe abin ya faru, ana tashi ne, ana haurawa, ko an fara gangarowa? A wane tsayi, da wane gudu? Wane saƙo ne ya fito a allo, harafi da harafi? Ya zauna ne ko yana zuwa yana tafiya, kuma sau nawa? Kun shiga hadari ko ruwa? Gefenka ne kaɗai ko har na mataimaki? Sai tambayar da aka fi mantawa da ita: me kuka taɓa, kuma da kuka taɓa me ya faru?

Kada ka ji nauyin tambaya don ya girme ka ko ya fi ka muƙami. Matuƙi na ƙwarai yana jin daɗin injiniyan da ke tambaya.

Mataki na 2: A rubuta abin da aka gani, yadda aka gan shi

A nan ne aka fi yin asara. Da Turanci ake cika littafin, da manyan haruffa, da biron da ba ya gogewa, kuma da agogon UTC, wanda na Najeriya da Nijar ke gaba da shi da awa ɗaya. Matsala ɗaya, gurbi ɗaya. Kada a cusa uku a layi guda, domin za a gyara ɗaya a sa hannu, biyun su bi ruwa.

Dubi bambancin waɗannan biyun, in an mai da su Hausa. Na farko: "Na'urar sanyaya ɗaki ba ta aiki sosai." Na biyu: "Muna haurawa, wajen ƙafa 18,000, fitilar gargaɗin na'urar sanyi ta hagu ta kama. Mun bi takardar matakai, mun kashe ta minti biyar, mun kunna, ta yi aiki. Ta sake kamawa da muka fara gangarowa. Ta dama lafiya lau." Na farko bai ba injiniya komai ba. Na biyu ya nuna masa gefe, ya nuna masa lokaci, ya kuma gaya masa cewa matsalar mai zuwa da komawa ce, watau gwajin ƙasa zai iya nuna lafiya alhali ba lafiyar.

Matuƙi ya rubuta alama, ya bar wa injiniya gano dalili. Idan ya rubuta "sensa ta lalace", ya riga ya karkatar da hankalin mai gyara zuwa wuri guda, alhali wataƙila waya ce ta goge a wani lungu.

A watan Oktoban 2018 an sa wa wani Boeing 737 MAX na kamfanin Lion Air na'urar auna kusurwar da iska ke bugun jirgi, a Denpasar ta ƙasar Indonesiya, kuma na'urar tana karanta kuskure da kusan digiri 21. A tafiyar da ta biyo baya zuwa Jakarta, sandar tuƙin kyaftin ta yi ta karkarwar gargaɗi har suka sauka, jirgin kuma ya riƙa dunƙufar da hancinsa da kansa, sai da suka kashe makunnan da ke ba injin daidaita jela wuta. Da suka sauka, abin da ya shiga littafi shi ne ma'aunin gudu da na tsayi sun saɓa, kuma wata fitila ta kama. Karkarwar sanda ba ta shiga ba, kashe makunnan nan ma bai shiga ba. Injiniyan Jakarta ya yi aiki da abin da aka ba shi: ya busa bututun ma'aunin iska, ya goge wani soket, ya yi gwaji, ya ga lafiya. Washegari, 29 ga Oktoba, jirgin ya faɗa teku mintuna kaɗan bayan tashi da mutum 189. Masu bincike sun nuna aibi cikin yadda aka tsara manhajar jirgin. Amma cikin dalilan da suka lissafa har da wannan gibin na rubutu. Layi biyu ne suka rage, kuma da su injiniyan zai iya duba wani wuri daban.

In ka yi kuskure wajen rubutu, ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasan, ka sa hannu da kwanan wata. Ba a shafa farin fenti, ba a yage shafi. Shafukan suna da lamba a jere saboda haka.

Mataki na 3: Koma baya ka karanta tarihi

Kafin ka ɗauki sifana, buɗe shafukan baya, ka duba kwamfutar ofishin kula da gyara. Abu biyu kake nema. Na ɗaya, wa ya taɓa wannan sashe kwanan nan? Matsalar da ta ɓullo kwana ɗaya bayan an canza wani abu, fara zarginta daga wurin. Na biyu, an taɓa rubuta irinta? Kowane kamfani yana da ma'aunin abin da yake kira matsala mai maimaituwa. A dokar Kanada, misali, sau uku cikin tashi 15 ne. San naku ma'aunin, kuma in matsala ta kai shi, ka ɗaga ta zuwa sama ko da gwajinka ya nuna lafiya.

Jiragen zamani suna ajiye nasu tarihin. Airbus yana fitar da rahoto bayan kowace sauka, Boeing ma yana da kwamfutar da ke riƙe saƙonnin gyara. Ka gwama abin da jirgin ya faɗa da abin da matuƙi ya rubuta, domin sau da yawa jirgin ya ga abin da mutum bai rubuta ba.

Jirgin AirAsia samfurin A320 da ya faɗi ranar 28 ga Disamban 2014, tsakanin Surabaya da Singafo, yana da tsagewa a likin dalma cikin na'urar da ke taƙaita motsin filafilin jela. Cikin shekara guda kafin hatsarin matsalar ta bayyana sau 23, kuma tazarar da ke tsakani tana ta raguwa. Yawanci kashewa da kunnawa ake yi, gwaji ya nuna lafiya, a sallami jirgi. Kwana uku kafin hatsarin, kyaftin ɗin ya ga injiniya ya kawar da saƙon a ƙasa ta hanyar zare bireka, watau makunnin da ke yanke wa na'ura wuta, da mai da ita. Ranar hatsarin gargaɗin ya zo sau huɗu, a na huɗun aka zare birekokin kwamfutocin a sama, tuƙin atomatik ya saki, jirgin ya ƙwace. Mutum 162 suka rasu. Duk wanda ya sallami jirgin nan a cikin shekarar yana iya cewa gwajinsa ya yi kyau, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da aka rasa shi ne wanda zai jera sau 23 ɗin a takarda ɗaya ya dube su tare.

Don haka ni a ganina kalmomin "an sake kunnawa, an gwada, lafiya" halas ne a karo na farko. A karo na biyu ka fara bincike na gaske. A na uku, sake rubuta su sakaci ne.

Mataki na 4: Tsare kanka da jirgin

Waigi a tayoyi, fil a ƙafafun jirgi, alamar gargaɗi a kan duk makunnin da bai kamata a taɓa ba. Birekar da ka zare ka sa mata zobe da tambari. Kada a ba haidirolik, watau man da ke motsa filafilai da ƙafafu, ƙarfi sai an tabbatar babu kowa kusa da filafilai da ƙofofin ƙafa. Kuma duk abin da ka sa wa jirgi na wucin gadi, murfi ne, fil ne, salatif ne, rubuta shi, domin rubutun ne zai tilasta a cire shi.

Mataki na 5: Buɗe littafin da ya dace

An raba jirgi babi-babi da lambobin ATA, kuma lambobin ɗaya ne ko wane kamfani ya ƙera shi: 21 sanyi da matsin iska, 24 lantarki, 27 sarrafa tuƙi, 28 mai, 29 haidirolik, 32 ƙafafu da birki, 34 na'urorin sanin hanya, 49 ƙaramin injin jela. Littafin bin sawun matsala, wanda Boeing ke kira FIM, Airbus kuma TSM, zai karɓi saƙon da ya fito ya kai ka ga jerin gwaje-gwaje. Yadda za a cire, a ɗaura, a gwada, yana cikin littafin gyaran jirgi, wanda ake kira AMM. Tabbatar bugun da ke hannunka shi ne na yanzu, kuma shafin ya shafi wannan jirgin da lambarsa, domin jirage biyu samfuri ɗaya a kamfani ɗaya suna iya bambanta a wayoyi.

Ɗauki minti biyar ka karanta yadda sashen yake aiki, ka dubi zanensa. Wanda ya san daga ina wuta ko mai ke fitowa da inda za su, shi ne ke gane lokacin da sakamakon gwaji bai yi ma'ana ba.

Mataki na 6: Tabbatar da matsalar, sannan ka ƙuntata ta

Gwada ka ga ko za ta fito a gabanka. Yi gwajin da na'urar ke yi wa kanta, wanda ake kira BITE, amma ka kwafe saƙonnin da ke ajiye kafin ka share komai.

Fara da ido da hannu. Yoyo, wayar da ta goge a jikin ƙarfe, soket da bai zauna ba, fil da ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa. Yanayinmu yana da nasa hali: ƙurar hunturu tana toshe matatai, damina tana shigar da laima cikin soket, zanzaro kuma yana iya gina ɗakinsa cikin bututun auna gudu in an bar jirgi a ajiye babu murfi. Bayan haka sai awo. In hanya doguwa ce daga sensa zuwa kwamfuta, auna a tsakiya, ka san wane rabi ne ke da laifi, ka sake raba shi biyu.

Canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ka canza uku matsalar ta tafi, ba ka san wanne ne ba, kuma ka tura lafiyayyun kaya biyu shagon gyara a banza. Inda littafi ya yarda a musanya akwatin hagu da na dama, dabara ce mai kyau: in matsalar ta bi akwatin, shi ne, in ta tsaya a gefenta, nemi waya ko sensa. Sai dai ka rubuta musanyar da lambobin akwatunan biyu, in ba haka ba ka rikita wanda zai zo bayanka.

Mai zuwa da komawa ita ce mai wahala, domin abin da ke tayar da ita yana sama: girgiza, sanyin da ya wuce digiri 50 ƙasa da sifiri, lanƙwasar fiffike, canjin matsin iska. A ƙasa sai ka kwaikwayi abin da za ka iya. Sa wani ya zuba wa mita ido kai kana motsa damin wayoyi gaɓa-gaɓa. Koma kan tarihin ka ga ko kullum a gangarowa take zuwa, ko kullum bayan ruwan sama. Kuma ka lura da lambar akwatin da aka ba ka daga sito: akwai wanda ake cirewa, shago ya ce bai ga komai ba, ya dawo, a sa wa wani jirgin, ya sake yin halinsa. Lambar jikinsa ce kaɗai ke tona shi.

In ka yi duk abin da littafi ya ce ba ka samu ba, rubuta hakan da gaskiya: ga gwajin da aka yi, ga lambar aikin, ga abin da aka auna, ba a ga matsala a ƙasa ba, ana roƙon matuƙa su lura da kaza su ba da rahoto. Makanikin mota yana iya cewa je ka, in ta sake ka dawo. Kai kuwa sai ka bar wa na gaba abin da zai ɗora a kai, don kada ya faro daga inda ka faro.

Mataki na 7: Kayan gyara da gwajin ƙarshe

Lambar kaya daga littafin jerin kayan jirgi, IPC, ake ɗaukarta, ba a gwada tsoho da sabo da ido. A 1990 an canza gilashin gaban wani jirgin British Airways, aka zaɓi notuna da ido cikin dare. Cikin 90, guda 84 sun sirance, 6 sun gajarce. Gilashin ya fice a sama, iska ta fizgi kyaftin ɗin har rabin jikinsa ya fita waje, Allah ya yi da sauran kwanansa.

Kowane kaya ya zo da takardar shaidarsa, irin su EASA Form 1 ko FAA 8130-3. Duba ranar gwajin sifanar auna ɗauri da mitarka. Rubuta lambar wanda ka cire da ta wanda ka sa. Yi gwajin da AMM ya ce, dukkansa, har da layin da kake ganin ba shi da amfani. Aikin da ya taɓa sarrafa tuƙi ko sarrafa inji yana buƙatar mutum na biyu mai izini ya duba da idonsa ya sa hannu. Sannan ƙirga kayan aikinka kafin a rufe murfi.

Mataki na 8: In ba za a gyara yanzu ba

Ba kowace matsala ce ke zaunar da jirgi ba. Akwai kundin MEL, wanda hukuma ta amince wa kamfani, mai faɗin abin da jirgi zai iya tashi ba tare da shi ba, da sharuɗɗa, da wa'adi. An kasa gurabunsa rukuni huɗu: rukunin A wa'adinsa yana rubuce a gurbinsa, B kwana 3, C kwana 10, D kwana 120, ba a ƙirga ranar da aka rubuta matsalar. Wasu gurabun suna da aikin da injiniya zai yi, wasu suna da abin da matuƙa za su kiyaye. A liƙa alama a ɗakin tuƙi, a shigar da abin cikin jerin gyaran da aka jinkirta, a kuma duba ko ya ci karo da wani da aka riga aka jinkirta. Kafin ka jinkirta, ka tabbata ka san abin da ya lalace, domin wata alamar reshe ce ta matsalar da MEL bai yafe ba. Abin da ya shafi lafiyar tashi kuma ba ya cikin kundin, dole ya kasance yana aiki.

A daidai nan matsin lamba ke zuwa, kuma mu muna da abin tunawa. Ranar 11 ga Yulin 1991, jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda Nigeria Airways ke jigilar alhazai da shi, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Tun ranar 7 ga wata makanikai sun san wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska. Bincike ya gano an sauya alƙaluman da ke takardar gyara don su nuna daidai. Da safiyar ranar babban makaniki ya nemi iskar naitirojin da ake hura tayar jirgi da ita, ba a samu nan kusa ba, jami'in da ke kula da jigilar kuma bai yarda a ƙara jinkiri ba. Matuƙan ba su san komai ba. Tayar da ba ta da iska tana jibga wa abokiyarta nauyi, ita kuma ta yi zafi. Ana gudun tashi tayoyi biyu na hagu suka fashe, ƙarfe ya riƙa gogar titi har wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun da wutar zuwa cikin jirgin, inda bututun haidirolik da wayoyi suke. Sun juyo za su sauka, ba su kai titin ba. Mutum 261, fasinja 247 da ma'aikata 14, babu wanda ya tsira. Allah ya jiƙansu da rahama.

An ga matsalar nan, har an auna ta. Da alƙaluman gaskiya sun zauna a takarda, da babu mai ikon sallamar jirgin. Shi ya sa ake auna taya da geji bayan ta huce, domin ido ba ya gane mai ƙarancin iska in tana kusa da lafiyayya, kuma lambar da geji ya nuna ita za ka rubuta. Manaja yana da ikon jin haushin jinkiri, amma lasisin naka ne, sa hannun ma naka ne. Ka ce masa cikin ladabi: ranka ya daɗe, ga abin da littafi ya ce, ga abin da nake buƙata, ga lokacin da zai ɗauka.

Mataki na 9: Rufe gurbi, ko ka miƙa aiki

Amsarka ta fuskanci abin da aka rubuta kai tsaye: abin da ka samu, abin da ka yi, lambar aikin a littafi, kayan da aka canza, sakamakon gwaji da alƙalumansa, wuri, kwanan wata, sa hannu da lambar izini. Kada ka sa hannu a kan aikin da ba ka yi ba kuma ba ka duba ba, ko da amininka ne ya ce ya gama.

In lokacin tashinka daga aiki ya yi, aikin kuma bai ƙare ba, miƙawar baki ba ta isa ba. A Satumban 1991, a Texas ta Amurka, masu aikin yamma sun kwance notuna 47 daga saman gaban jelar wani Embraer 120 na Continental Express, ta hagu, suna shirin canza robar narkar da ƙanƙara. Ba a rubuta ba, ba a gaya wa masu aikin dare ba. Su kuma suka gama gefen dama suka sallami jirgin, kuma jelar tana can sama inda mai zagayawa a ƙasa ba zai gani ba. Washegari ɓangaren ya ɓalle suna gangarowa, mutum 14 suka mutu.

Saboda haka rubuta kwancewa a lokacin da ka kwance, kada ka bari sai za ka tafi. Kowane murfi da ka buɗe, kowane soket da ka zare, kowane noti da ka ɗaura amma ba ka auna ƙarfinsa ba, ya samu layinsa a takardar aiki, ya samu alama a jikinsa. Sannan ka kama hannun wanda zai karɓe ka, ku je gindin jirgin tare, ka nuna masa da yatsa inda ka tsaya, ya karanta takardar a gabanka, ya tambayi abin da bai gane ba kafin ka cire rigar aiki.